Kafin Ka Zuba Jari a Abinci ko Masauki, Ka San Ranar da Kuɗi ke Shiga Aljihun Kwastomanka

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba, da waɗanda sabis ke yi wa wasa.

Tambayar da ta fi zuwa mini daga matasa ita ce: "Ina da 'yan kuɗi a hannu, wace sana'a ce ke ci yanzu?" Wani ya sayar da amfanin gona, wata ta kwashi adashi, wani ya gama bautar ƙasa ya tara ɗan alawus. Kuma kusan kullum hankalinsu na wajen abinci: gidan abinci, teburin shayi, shagon lemo da ruwan sanyi. Mai ɗan ƙarfi kuma ya ce zai gina ɗakunan kwana na baƙi. Ni kuwa nakan mayar musu da tawa tambayar: wa zai saya, kuma wace rana, wane lokaci kuɗi ke shiga aljihunsa? A kan wannan za mu tsaya yau. Zan yi misali da arewacin Zamfara, wato Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, don a nan abin ya fi fitowa fili. In kai ɗan Kano ne ko ɗan Maraɗi, kada ka wuce, sunayen garuruwan kawai za ka canza.

Mu fara da Ƙaura. Garin ya samo sunansa daga Namoda, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Amma abin da ya mayar da shi garin ciniki a zamanin Turawa shi ne jirgin ƙasa. A 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura, kuma a nan ya tsaya. Ƙarshen layi ke nan. Duk mai gyaɗa ko auduga a wannan yanki da ke son kayansa su kai bakin teku, nan zai kawo su. To ku duba abin da wannan ke haifarwa: 'yan dako, masu jakuna da raƙuma, dillalai, malaman awo. Kowane ɗayansu zai ci abinci, da yawansu za su kwana. Mai tuwo ta wancan zamani ba ta buƙatar wani ya koya mata cewa cinikinta na kaka ne. In gyaɗa ta shigo, ta ƙara tukunya. In ta wuce, ta rage.

Yau shekaru da yawa ke nan ba a jin kukan jirgi a Ƙaura, amma ba a daina cin abinci ba, masu cin ne suka canza. A 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda kowa ke kira Poli. Ga ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman makaranta masu jiran albashi. Ga kuma matsayin garin na mararraba: daga Gusau ka zo Ƙaura, daga nan ko ka nufi Shinkafi har Isa da Sabon Birni a jihar Sakkwato, ko ka bi ta Zurmi ka ɓulle Jibiya a jihar Katsina. Kowanne daga cikin waɗannan kwastomomi da agogonsa. Ɗalibi na da kuɗi a makonnin farko na zango, lokacin da aka sallamo shi daga gida. In an kusa jarrabawa, wanda ya saba cewa a soya masa Indomie da ƙwai biyu zai koma garau-garau, ko ya jiƙa gari a ɗaki. In aka yi hutu ko yajin aiki kuwa, shagon da ke bakin makaranta sai ƙudaje. Wanda ya kama haya a can ya lissafa ribar wata goma sha biyu, alhali ɗalibai ba sa wata goma sha biyu a gari, tun ranar da ya biya kuɗin haya ya fara faɗuwa.

Amma inda na fi so mu daɗe shi ne Shinkafi, saboda kasuwar Alhamis. Kasuwa ce da sunanta ya kai nesa, musamman wajen dabbobi da hatsi. Ana zuwa daga Sakkwato, daga Katsina, daga Nijar, har da 'yan kudu masu lodin shanu. In kana sayar da abinci a irin wannan gari, mako ɗinka ba kwana bakwai ba ne masu kama da juna. Daga yammacin Laraba baƙi ke fara sauka, Alhamis gari ya cika ya batse, Juma'a a share fili.

Bari in ba ku lissafi na misali, ƙirƙirarsa na yi don a gane. A ce wata mai tuwo na sayar da kwano 30 a rana ta yau da kullum, ranar kasuwa kuma 200. A mako ta sayar da 380. Kun ga fiye da rabin cinikinta a rana ɗaya yake. Yanzu a ce kasuwa ba ta ci ba wannan makon. Ta koma 210. Amma kuɗin rumfa bai ragu ba, masu wanke-wanke na jiran sallamarsu, mai itace na bin ta. Wannan shi ya sa tsofaffin hannu ba sa ɗaukar ma'aikaci na wata, sai na rana. Sun fi son su biya da ɗan tsada ranar Alhamis da su ɗauki nauyin da zai zauna musu a wuya sauran kwana shida.

A cikin ranar kasuwar ma akwai wani agogon. Mutumin ƙauye da ya jawo ragonsa ko ya ɗoro buhun gero, da safe ba shi da kuɗi. Dukiyarsa na tsaye a gabansa tana kuka, amma aljihu wayam. Abin da zai iya shi ne koko da ƙosai, ko hoce, ko fura ta ɗan canji. Sai an yi tayi, an yi albarka, an koma an daidaita, an sallama, dillali ya zare la'adarsa, sannan ya zama mai kuɗi. Daga azahar ne za ka gan shi gaban mai tsire, ya sha lemo mai sanyi, ya sayi burodi na tsarabar yara. Mutum ɗaya ne, amma kwastoma biyu ne: na safe da na rana. Matashin da ya gasa kaji tun ƙarfe tara na safe yana mamakin me ya sa ba a saye, ga mutane kamar ƙasa, bai karanci wannan ba.

Sannan ɗan kasuwa ba ya son ya bar kayansa. Ko ka gyara wuri ka sa kujeru masu laushi da fanka, in zai yi tafiyar minti goma daga inda shanunsa suke, ba zai zo ba. Zai aiki yaro, ko ya jira mai kawo masa har inda yake. A irin wannan wuri, yara biyu masu kai abinci rumfa-rumfa sun fi fenti da allon suna amfani.

Yanzu batun kwana. Tun kafin a san wani abu wai shi otal, Bahaushe na da tsarinsa na saukar baƙon ɗan kasuwa, wato fatoma ko maigida. Fatoma zai ba ka ɗaki, a kawo maka abinci daga cikin gida, ya ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da mai saye, in ta kama ya tsaya maka a ba da bashi da sunansa. Sau da yawa ba a ce maka ga kuɗin ɗaki, ladansa na fitowa ne daga cinikin da aka ƙulla ta hannunsa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin Hausawa masu fataucin shanu da goro, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya nuna shi ne, duk wannan babban ciniki na tsakanin Arewa da Kudu a kan waɗannan masu masauki ya rataya, domin su ne suka san wa za a ba bashi, wa ba za a ba ba.

Me ya sa na kawo wannan? Saboda har yau abin da baƙon ɗan kasuwa ke nema bai canza sosai ba. Katifa ita ce ta ƙarshe a lissafinsa. Abin da ke ransa: in na kwanta da kuɗi a jikina zan tashi da su? Gidan wa ne? Su wa ke shiga da fita? Akwai inda zan kafa mota a rufe ƙofa? Akwai ruwan wanka da na alwala, akwai inda zan yi cajin waya? Duk wanda zai gina masauki a Ƙaura ko Shinkafi ya amsa waɗannan tukuna, kafin ya sayi talabijin na bango.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. A wajenmu kalmar otal na ɗauke da wani nauyi. Dattijo mai mutunci zai gwammace ya kwana a zauren abokinsa da a ce an gan shi yana fitowa daga otal. Kuma tun da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, babu batun sayar da giya, wadda a wasu garuruwan Najeriya ita ce ke riƙe otal-otal da yawa. Don haka mai masauki a nan kuɗinsa daga ɗaki ne, da abinci, da ɗakin taro in yana da shi. Jarinsa na gaskiya kuwa sunansa ne. Ranar da aka fara ƙus-ƙus a majalisa cewa wuri kaza ana shiga da 'yan mata, ma'aikacin da aka turo aiki daga Gusau ba zai ƙara sauka ba, balle mai iyali. Ni a ganina tsananta rajistar baƙi da sanin wanda ka saukar ba takura ba ce, ita ce tallar da ta fi kowace.

To, ba zai yiwu a yi maganar ciniki a wannan yanki a tsallake matsalar tsaro ba. Ba zan shiga siyasarta ba, abin da ta yi wa mai saye kawai zan duba. Abu na farko, ta gajarta yini. Hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Ƙaura zuwa Zurmi sun sha hare-haren 'yan bindiga, don haka direba na son ya yi lodi ya kama hanya da sauran rana. Wanda a da zai zauna ya ci tuwon dare ya yi hira wajen mai shayi, yanzu cewa yake a ƙulle masa a leda, mota za ta tashi. Cinikin dare ya ragu, na tsakar rana ya matse wuri ɗaya. Wanda ke iya sallamar mutum ashirin cikin minti goma shi ke kwashe kasuwa, ko da miyar maƙwabciyarsa ta fi daɗi.

Abu na biyu, a tuna 2021. A farkon Satumba na shekarar, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a faɗin jihar, ta hana safarar dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya gaba ɗaya. Sai da aka shafe makonni kafin sabis ya dawo Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun daɗe fiye da haka. Ku koma kan lissafin mai tuwon nan ta ɗazu. Alhamis ɗinta ta tafi, kuma ba ta mako ɗaya ba. Mai POS ya zauna da na'ura a hannu kamar dutse. Wanda ɗansa ke turo masa kuɗi daga Legas ba shi da hanyar karɓa, ba shi ma da hanyar kira ya ce bai gani ba. A lokacin, tsabar kuɗi ce kawai ke magana.

Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba sai abin ya juye. Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka wayi gari a farkon 2023 tsoffin kuɗi ba sa karɓuwa, sababbi ba sa samuwa. Zamfara na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kuma ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin. Amma kafin nan an sha wuya. Mai shayin da bai taɓa buɗe asusu ba sai ga shi ya liƙa lambar OPay ko Moniepoint a jikin teburinsa. Wanda ya ce shi ba ya karɓar tiransifa ya ga kwastomansa na shekaru ya tsallaka titi.

Ku haɗa waɗannan biyun. Kwastoman wannan yanki an taɓa raba shi da waya, an kuma taɓa raba shi da tsabar kuɗi. Shi ya sa bai yarda da hanya ɗaya ba, kai ma kada ka yarda. Ka karɓi tsaba, ka karɓi tiransifa, ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. Kuma wallahi ka jira alat ya shigo wayarka. Hoton da ya nuna maka a tasa wayar ba kuɗi ba ne.

Wani abin da rashin tsaro ya kawo shi ne mutanen ƙauyuka da suka taso suka dawo cikin gari. Mai kallo daga nesa zai ce ai jama'a sun ƙaru, kasuwa ta buɗe. Baki ya ƙaru, gaskiya ne, amma mutumin da ya baro gonarsa da rumbunsa, wanda a da hatsi ma sayarwa yake, yanzu shi ke sayen rabin kwano. Ga cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, da ya ɗaga farashin gwamnati daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi, kayan miya suka bi.

Wannan ya kawo mu kan wata ɗabi'a da ya kamata kowane mai sana'a ya lura da ita. Ka saurari yadda ake sayen abinci a tasha. Ba a cewa "nawa ne faranti?" Cewa ake: "Hajiya, zuba min na ɗari biyar." Mai saye ne ke yanka farashi, mai sayarwa ta yanka yawan abinci. Ya riga ya san abin da ke aljihunsa, kuma ba ya son ya ji kunya a gaban mutane. Gidan abincin da ya rubuta farashi ɗaya tal, faranti kaza babu ragi, ya kori duk wanda kuɗinsa bai kai ba, kuma su ne mafi yawa. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. A farkon shekarun 1990 kamfanin Promasidor ya shigo Najeriya da madarar Cowbell a 'yan ƙananan ledoji, lokacin da madarar gari sai a gwangwani. Wanda ba zai iya gwangwani ba ya iya leda ɗaya ta shayin safe. Yau omo, man gyaɗa, tumatir, har man goge baki duk a ƙulle suke. Mai ƙulla sikari da gishiri a ƙofar gida kuwa ta riga su sani.

Da kaya suka yi tsada, yawancin masu abinci ba su ƙara farashi ba, malmala suka rage. Dabara ce mai aiki, amma tana da iyaka, don kwastoma na gani, shiru kawai yake yi. Abin da ke riƙe shi shi ne gyara. Wannan ɗan ƙarin cokali, ko guntun nama da aka jefa bayan an gama zubawa, a lissafi ba komai ba ne, amma shi ne mutum zai tuna gobe in ya tsaya yana tunanin ina zai ci. Na fi son a rage awo kaɗan a bar wurin gyara, da a cika awo cif a miƙa fuska a ɗaure.

Sai babbar magana, bashi. Ban san abin da ya kashe ƙananan sana'o'i a garuruwanmu kamar littafin bashi ba, kuma ban san mai sana'ar da zai rayu ba tare da shi ba. Ma'aikaci zai ci har ƙarshen wata. Direba zai ce sai ya dawo daga lodi. Abokin ƙuruciya zai ce "rubuta kawai". Ƙanin babanka kuwa ba ka ma isa ka rubuta a gabansa ba. In ka hana kowa, a ce kana da rowa, a watse. In ka ba kowa, ga abin da ke faruwa, shi ma misali ne. Mai shayi na cinikin naira 20,000 a rana, kayan da ya saya na 17,000 ne, ribarsa 3,000. A cikin cinikin nan, 4,000 bashi ne. Abin da ya shigo hannunsa 16,000. Gobe yana buƙatar 17,000 ya sake sayen burodi da ƙwai da madara. Kun ga ya ci naira 1,000 daga uwar kuɗi, kuma bai kai ko sisi gida na cefane ba. A wata ɗaya jarinsa ya ragu da 30,000, littafi kuma na nuna ana riƙe masa 120,000. A takarda mai riba ne. A teburi kuwa kiret ɗin ƙwai ya koma rabi, kwastoma mai biya nan take ya zo ya tarar babu, ya wuce gaba.

Masu wayo ga yadda suke yi. Bashin rana ba ya wuce ribar rana, in ya kai nan an rufe littafi sai gobe. Kowane mai cin bashi da iyakarsa, kuma ya san ta tun farko. Sannan ana ɗaura biyan a kan ranar da kuɗinsa ke shigowa: ma'aikaci ranar albashi, dillali yammacin kasuwa, manomi in ya sayar. Ka je wa dillali ranar Litinin ka ce ya biya, faɗa kawai za ku yi. Ka tsaya kusa da shi Alhamis da la'asar, da kansa zai kira ka. Wasu kuma sukan ɗora laifin a kan wani: "Wallahi Alhaji kayan ba nawa ba ne, na maigidana ne, kullum da dare yake lissafi." Da wannan an tsira da jari, an tsira da zumunci.

'Yan'uwa mata, ban manta da ku ba, kuma a ganina ku ne kuka fi kowa dama a nan. Wata masaniya, Polly Hill, ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: matan aure na cikin gida suna sayar da hatsi, ƙuli-ƙuli, mai, dafaffen abinci, yara na kai da kawowa, ba rumfa ba haya. Wannan kasuwa na nan, kuma dalilinta na nan, wato kunya. Magidanci mai shekaru ba ya son a gan shi a kan benci yana cin ɗanwake a bakin titi. Matar gida ba za ta fita neman awara ba. Amma duk suna so, kuma za su biya in an kai musu a rufe. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai WhatsApp. Ki ɗora hoton dambu ko alale da safe, a yi oda, ki dafa daidai abin da aka nema, babu kwantai. Roƙona ɗaya: a yanayin da muke ciki, a daina tura ƙananan 'yan mata talla tasha da bakin kasuwa har magariba. A yi yarjejeniya da ɗan kabu-kabu ɗaya amintacce, a sa kuɗinsa a cikin farashi.

Zurmi kuwa ba zan daɗe ba, don agogonta a bayyane yake: kaka da hanya. Ƙaramar hukuma ce ta manoma da makiyaya, tana iyaka da Katsina da kuma Jamhuriyar Nijar. In an yi girbi lafiya kuɗi na yawo, ana bukukuwan aure, mai lemo da mai hayar kujeru da mai girkin biki duk su samu. In bazara ta yi nisa, ko damina ta faɗi kowa ya zuba abin hannunsa a taki da iri, ciniki sai na dole. Hanya kuma in ta yi tsit, ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, mai abincin bakin tasha shi ke fara ji. A irin wannan wuri ban ba kowa shawarar ya narka duk jarinsa a gini da kayan ado ba. Gara abin da za ka iya naɗewa ko ka juya: yau shayi, da zafi ƙanƙara da zoɓo in kana da firjin sola, da azumi kunu da ƙosai.

Ga aikin da nake ba duk wanda ya tambaye ni, kafin ya kashe ko naira ɗaya. Ka sayi ƙaramin littafi. Ka je daidai wurin da kake son buɗewa, ka zauna kwana bakwai a jere, har da ranar kasuwa da Juma'a. Ka rubuta mutum nawa suka tsaya wajen mai irin sana'ar da ke kusa, da ƙarfe nawa, na nawa suka saya, nawa suka zauna suka ci, nawa suka ce a ƙulle musu, nawa suka ciro kuɗi, nawa suka ciro waya, nawa kuma suka tashi suka ce "sai anjima" ba su biya ba. In da hali ka maimaita a makon ƙarshen wata, kafin albashi ya shigo. Ka ɗauki ranar da ta fi kowace mutuwa a cikin littafin, ka gwada ta da kuɗin haya da na itace ko gas da na yaron shago. In ranar ta iya ɗaukar kanta, ka kama wurin. In sai ranar kasuwa ce kawai ke rufe ramin, ka nemi rumfar da za ka biya ta rana.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba adashi da rancen 'yan'uwa, wanne ya fi dacewa da mai fara sana'a.